Waiwaye Adon Tafiya: Zamanin da Kwamfuta Ke Kuka Kafin Ta Yi Magana

A ranar 30 ga Satumba, 2025, kamfanin AOL na ƙasar Amurka ya rufe tsohuwar hanyarsa ta shiga intanet ta layin wayar tarho, bayan ya shafe fiye da shekara talatin yana gudanar da ita. Labarin ya zo ya wuce kamar ba a yi ba, domin yaranmu da suka buɗe ido suka ga waya a tafin hannu ba su ma san abin da aka rufe ba. Amma mu da muka taɓa zama gaban kwamfuta cikin dare, muka kasa kunne muna jiran kukan modem, sai da muka ji wani abu ya motsa a zuciya.

Abin da ya ƙara tayar mana da tsumi shi ne, kwanan baya da ake share ofishin ƙungiya a nan Agege, sai aka jawo wani tsohon kwali daga bayan kabad. Ko da aka buɗe, sai ga modem ɗinmu na da, ƙura ta rufe shi, ga kuma faya-fayan disket sun fi ashirin an ɗaure su da roba. Wani matashi cikin masu sharar ya ɗauki guda ya jujjuya, ya ce, "Baba, wannan kuma mene ne?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kuwa a cikin waɗannan faya-fayan ne muka zuba rahotannin tarurrukanmu na shekaru. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwaya.

Kafin zuwan na'ura

Duk wanda ke zaune a Kurmi ya san babban abin da ke cin ran baƙo shi ne rashin labarin gida. Tun lokacin da layin dogo daga Ikko ya isa Kano a 1912, kakanninmu suka ƙara yawaita a wannan yanki, wasu da fataucin goro, wasu da shanu, wasu da fawa ko dako. Su saƙonsu a baki yake, ko a takarda. A rubuta wasiƙa da ajami ko da boko, a ba wani mai hawa jirgin ƙasa, daga baya kuma direban motar goro ko ta shanu. In an dace ta isa cikin mako guda, in ba a dace ba sai mutum ya je gida da kansa ya tarar wasiƙarsa ba ta iso ba.

Abin gaggawa, kamar rasuwa, sai a je gidan waya a buga tangaraho, ana ƙirga kalmomi ana biya. Da rikoda ta yawaita, sai aka shiga yayin ɗaukar murya a kaset. Uwa ta zauna ta yi wa ɗanta nasiha har gefen kaset ya cika, a juya, 'yan'uwa su bi layi kowa ya miƙa gaisuwa. Ga kuma filin zaɓi sonka na Rediyon Kaduna, inda mutum kan ji sunansa daga bakin mai gabatarwa ya wuni yana murna. A kan wannan ƙishirwa ce kwamfuta da modem suka same mu.

Daga ina modem ya fito?

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarun 1950 rundunar sojan saman ƙasar ta buƙaci hanyar aika bayanan na'urorin hango jirage zuwa manyan kwamfutocinta da ke nesa, kuma babu wata hanya da ta riga ta ratsa ko'ina kamar wayar tarho. To amma ga matsala: ita wayar tarho an yi ta ne don ɗaukar murya, ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai lambobi biyu, wato 0 da 1. Kowane ɗaya daga cikinsu ana ce masa bit, kuma takwas ne ke haɗuwa su ba da harafi guda. Aikin modem shi ne tafinta. Ya karɓi lambobi ya mai da su sauti, ya tura cikin waya, ɗan'uwansa da ke can ɗaya ɓangaren ya saurara ya mai da sautin lambobi.

Mu da muke zaune kusa da mahauta, wannan ba zai ba mu mamaki ba. Mai kalangu yakan matse tsarkiya ya saki, sauti ya hau ya sauka, wanda ya san yaren ganga ya ji an kira sunansa. Maƙwabtanmu Yarabawa ma haka suke magana da gangarsu. To kusan haka modem ɗin farko ke yi: sauti ɗaya na nufin 1, wani sautin na nufin 0.

A 1962 kamfanin waya na AT&T ya fito da modem mai suna Bell 103, wanda ke aika bit 300 a daƙiƙa guda, wato kamar harafi 30. Mai karatu, ka ji fa! Kana zaune kana kallon haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana yi maka shifta. A wancan lokaci kamfanin bai yarda kowa ya jona wata na'ura da ba tasa ba a jikin layinsa, shi ya sa aka ƙera wani irin modem mai kofuna biyu na roba, ka ɗora kan tarho a kai, bakin tarho a kofi ɗaya, kunnensa a ɗayan. Sai a 1968 hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke hukuncin da ya buɗe ƙofa ga na'urorin wasu kamfanoni. A 1981 kuma kamfanin Dennis Hayes ya fito da Smartmodem, wanda kwamfuta ke ba shi umarni ya buga lamba da kansa, ya amsa kira, ya kuma ajiye waya. Kusan duk modem ɗin da ya biyo baya da irin umarninsa ya yi aiki, har da wanda muka tsinta a kwali.

Kwamfuta ta shiga gida

A da, kwamfuta sai gwamnati da jami'o'i da manyan bankuna, domin guda ɗaya kan cika ɗaki. A 1977 ne abin ya sauya, da aka fito da ƙananan kwamfutoci uku a Amurka waɗanda mutum zai iya saya ya ɗora a tebur: Apple II da Commodore PET da TRS-80. A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya kawo tasa a kan dala 1,565, kuma ita ce kakar mafi yawan kwamfutocin da muka sani a ofisoshi. A 1982 aka sami Commodore 64 a kan dala 595, a Ingila kuma Clive Sinclair ya fito da ZX Spectrum, ƙaramarta fam 125.

Waɗannan biyun na ƙarshe a jikin talabijin ɗin gida ake jona su, kuma mutane da yawa a kaset suke ajiye aikinsu, irin kaset ɗin nan da iyayenmu ke aiko mana da gaisuwa. In ka sa shi a rikoda ba ka jin komai sai tsuwa da ƙara, amma ita kwamfuta karatu take yi. Ƙwaƙwalwar Commodore 64 gaba ɗayanta ba ta wuce harafi 65,536 ba. Duk da haka yara a Turai da Amurka suka koyi tsara manhaja a kanta, suna kwafo umarni layi-layi daga mujallu, in ka yi kuskuren harafi guda sai ka koma nema.

Su ma masu sha'awar abin ba su tsaya jiran kowa ba. A watan Janairu na 1978 dusar ƙanƙara ta tsare mutane a gida a birnin Chicago, sai wasu abokai biyu, Ward Christensen da Randy Suess, suka yi amfani da zaman suka haɗa kwamfuta da modem ta yadda kowa zai iya bugo waya ya bar saƙo, wani ya bugo ya karanta. A watan Fabrairu suka buɗe ta ga jama'a. Layi ɗaya ne, saboda haka mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, saura su jira. Ashe layin jira ba a kanmu aka fara shi ba.

Yadda abin ya iso mana

Gaskiya ɗaya ce, wancan zamanin na farko ya wuce mu, sai dai ɗaiɗaikun 'ya'yan manyan ma'aikata da waɗanda suka yi karatu a waje. Mu kwamfutarmu ta zo ne a shekarun 1990, kuma ba sabuwa ta zo ba, tokumbo ce. Ana sauke tsofaffin kwamfutocin Turai da Amurka a tashar jiragen ruwa ta Apapa, su bi ta hannun 'yan kasuwar da suka fara taruwa a titin Otigba da ke Ikeja, wurin da ya zama babbar kasuwar kwamfuta da waya. Daga Agege tafiyar ba ta da nisa, shi ya sa yaranmu suna cikin Hausawan da suka riga ganin abin da idonsu.

Kwamfuta dai da kuɗinka ka saya, amma layin tarho shi ne jidali. An kafa NITEL a 1985, kuma ita kaɗai ke riƙe da layukan ƙasa. Har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a duk faɗin Nijeriya wajen rabin miliyan ne kacal, ga jama'ar da ta haura miliyan ɗari. Gidan da ke da tarho a unguwa kowa ya san shi, kuma lambarsa ta zama lambar unguwa duka. Har gobe akwai dattawan da in ka tashe su daga barci za su gaya maka 064 Kano ce, 062 Kaduna, 060 Sakkwato, 065 Katsina, mu kuma nan Ikko 01.

An kafa hukumar kula da sadarwa ta ƙasa a 1992, a 1996 kuma ta ba kamfanoni lasisin sayar da hanyar shiga intanet. Aka sami irin su Linkserve da Hyperia da Cyberspace a Ikko, da Skannet a Badun. Wanda ke son shiga sai ya haɗa abu huɗu: kwamfuta, modem, layin tarho, da kuɗin rajista. Biya kuma biyu ne, ka biya kamfanin intanet, ka biya kuɗin waya na duk mintin da ka yi a kan layi. Ga sitabilaiza, ga janareto in hali ya yi.

Mu a ƙungiya, wajen ƙarshen shekarun 1990 ne aka yi karo-karo aka sayo tokumbo guda mai Windows 95. Layi kuwa aro muka yi wurin wani attajirin goro da shagonsa ke jikin ofishinmu, aka jawo waya ta taga. Aka ɗinka wa kwamfutar riga saboda ƙura, aka hana yara taɓa ta, kai har takalmi ake cirewa kafin a shiga ɗakin.

Me kukan yake nufi?

Wanda bai ji kukan nan ba, da wuya a kwatanta masa. Da fari za ka ji ana danna lambobi, tit-tit-tit, sai ƙarar kira. Can sai wani dogon fito ya amsa. Daga nan sai tsuwa, sai wani abu kamar ana kaɗa ƙarfe, sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Sai kuma tsit. Wannan tsit ɗin shi ne albishir, an shiga ke nan.

Mun daɗe muna zaton hayaniya ce kawai, ashe gaisuwa ce da ciniki. Dogon fiton, modem ɗin can ne ke cewa ni ma modem ne, ba mutum ba. Daga nan kowa ya faɗi irin saurin da ya iya. Sai su gwada layin, su aika sautuka iri-iri su ji wanne ke wucewa lafiya, wanne ke lalacewa a hanya. In sun daidaita a kan saurin da layin zai iya ɗauka, sai a kashe lasifika, amma zancen na ci gaba, mu ne dai ba ma ji. Sai ka ce dillalai biyu sun sa hannu cikin riga suna ciniki.

Saurin ya yi ta ƙaruwa: bit 28,800 a 1994, sannan 33,600 a 1996, har aka kai 56,000 a 1998, inda layin tarho ya ce iyakarsa ke nan. Wannan fa a kan layi mai lafiya ne. Mu da damina ta sauka ruwa ya shiga waya, ko rabin haka ba ma gani. Hoto guda na wayar yau, ko a kan cikakken saurin 56,000, sai ya ci wajen minti bakwai kafin ya sauka. Ana cikin haka a ɗauke wuta, ko wani ya ɗaga kan tarho a shago, shi ke nan, a koma farko.

Kuma muddin muna kan intanet, duk mai kiran Alhaji daga Arewa sai ya ji layi a cike. Ba mu manta ranar da ya leƙo ta taga ba, ya ce, "Malam Sakatare, ku sauka mini daga layi, motata na hanya tun shekaranjiya ban ji ɗuriyarta ba!" Sakatare ya ce, "Ranka ya daɗe, minti biyu, wasiƙar ta kusa tafiya." Alhaji ya ce, "Wasiƙar da ba ta da ambulan ce za ta hana ni cin abinci?" Tun daga ranar aka yi doka, ba a kunna modem sai dare ya yi, kasuwa ta tashi.

Abin da ake yi da shi kuwa ba shi da yawa: wasiƙar imel ce. Hotmail ta fito a 1996, ta Yahoo a 1997, duk kyauta. Adireshi ɗaya ƙungiya ke da shi, kowa da shi yake amfani. Wanda ɗansa ke karatu a waje, ko yake da abokin ciniki a Jidda ko Dubai, sai ya zo ya faɗa a rubuta masa. In amsa ta zo, a buga a takarda a kai masa har gida. Sirri dai babu, amma akwai zumunci, don in labarin haihuwa ne tare ake murna, in na rashi ne tare ake zuwa a faɗa.

Ƙugiyar da ta ɓace

Akwai wani ciwo da kwamfutar farko ta jawo wa harshenmu. Tsarin haruffan da Amurkawa suka shimfiɗa mata tun 1963 gurbi 128 kawai gare shi, kuma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a ciki. Saboda haka wanda ya rubuto cewa ya yi baƙi, sai a karanta ya yi baki. Ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Wasu suka riƙa sa waƙafi a gefen harafi, mu kuma a wannan mujalla sai a buga shafi a firinta, a zauna da biro ana bi ana sa wa haruffa ƙugiya da hannu.

Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba haruffanmu gurbi, amma an daɗe kafin kwamfutocin da ke hannunmu su iya nuna su. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffan kwamfuta masu ƙugiya, abin da ya taimaki marubuta da masu buga littattafai ƙwarai. Yau ga haruffan nan a cikin kowace waya, amma sabon da aka yi na rubutu babu ƙugiya ya zauna wa da yawanmu. A da uzuri ne, yanzu kam sakaci ne.

Ranar da kasuwa ta watse

A watan Janairu na 2001 gwamnati ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki, ana kiran minti guda a kan Naira 50. Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Kafin a ankara, 'yan mata da samari sun kafa lema a kowace kwana suna sayar da kira, gidan mai tarho ya daina cika. Shagunan intanet suka koma amfani da tauraron ɗan'adam, yara na kwana a ciki don na dare ya fi araha. Da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo suka fara aiki a Ikko a 2010, intanet kuma ya koma cikin wayar hannu, sai su ma shagunan suka fara rufewa. Modem ɗinmu ba mu ma san ranar da muka kashe shi kashewar ƙarshe ba.

Kada kewa ta sa mu yi wa kanmu ƙarya. Zamanin nan yana da tsada, yana da wahala, kuma na 'yan kaɗan ne. Mai dako da mai yankan farce ba su san ana yi ba, matanmu da ke cikin gida kuwa sai dai a ba su labari. Yau tsohuwa a ƙauyen Daura za ta danna waya ta ga jikanta a Agege ido da ido. Babu mai hankalin da zai ce a koma baya. Abin da muke kewa shi ne yadda ake taruwa a kan saƙo guda, da yadda ake auna magana kafin a aika ta, tunda kowane minti kuɗi ne.

Abin da ya rage gare mu

To, mu koma kan kwalin nan. Kowane disket megabait 1.44 yake ɗauka, bai isa hoto guda na wayar yau ba, amma ya isa rahoton taro na shekara da 'yan kai. Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro irin wannan faifan, ya daina yin sa a 2011, kwamfutocin yanzu kuma ba su da ramin sa shi. Sai da muka sa aka nemo mana na'urar karanta shi a Ikeja. Da aka gwada, wasu sun buɗe, amma da yawa danshin Ikko ya riga ya cinye su. A cikin waɗanda suka mutu akwai mai ɗauke da sunayen waɗanda suka yi karo-karon gina ofishin nan, mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Tsohon akwatin imel ɗin ƙungiya ma ya tafi da duk wasiƙun da ke ciki, domin an daɗe ba a buɗe shi ba, wanda ya san kalmar sirrin kuma ya koma gida.

Abin mamaki, a gidajenmu akwai wasiƙun ajami na kakanni da suka haura shekara sittin a cikin adaka, tawadarsu raɗau, kowa ya iya karatu zai karanta. Namu kuwa da muka rubuta da na'urar zamani bai kai shekara talatin ba ya zama bebe. Wannan darasi ne ga masu zuba komai a waya yanzu: hotunan suna, takardun fili, muryar mahaifi. Ranar da wayar ta faɗa kwata, ko aka daina yayin irinta, ina aka nufa?

Mu baƙi ne a nan, ko da an haifi kakanninmu a wannan ƙasa, kuma baƙo in ba shi da takarda, wata rana sai a ce bai taɓa zama ba. Saboda haka muna roƙon duk wanda ke da tsohon disket, ko kaset ɗin gaisuwa, ko wasiƙar imel da aka buga masa a takarda a wancan lokaci, ya kawo ofishin ƙungiya. Za a kwafa a mayar masa da abinsa. Abin da ya shafi jama'a kuma za a buga shi a takarda, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Matasanmu masu aiki a kasuwar Ikeja, wannan aikin naku ne, ku kuka san kan na'ura. Dattawa kuma su zo su faɗi sunayen da suka tuna tun ana iya tambayarsu.

Shi kuwa modem, mun goge shi mun ɗora a kan kabad inda kowa zai gani. Duk yaron da ya tambaya, a zaunar da shi a ba shi labari.